Matsayin Mace a Hausar Fasahar Zamani: Sharhi daga Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a yi sharhi a kan irin Hausar da ake amfani da ita wajen zancen mata da aikin fasahar zamani, watau aikin kwamfuta da waya da intanet da dangoginsu. Sharhin bai tsaya a kan littafi ɗaya ba. Ya shafi sunayen da muke kiran ma'aikata da su, da Hausar da aka fassara aka zuba cikin na'urori, da Hausar sanarwa da jawabin taro, sa'an nan da ƙagaggun labarai waɗanda mata suka rubuta.

Na ɗauki ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ta zama madubi saboda a nan ne abin ya zo mana har ƙofar gida. A shekarar 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita wadda ta riga ta zama a garin. Yarinyar da aka haifa a Shema ko a Kurfi tana iya karanta ilimin kwamfuta har digiri ba tare da ta yi nisa da gida ba. Haka kuma a shekarar 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin nan na ilimin 'yan mata da ake kira AGILE, Jihar Katsina tana cikin jihohi bakwai na farko, koyar da amfani da kwamfuta kuwa yana cikin sassan shirin. Ke nan an buɗe ƙofa. Abin da ya rage a duba shi ne irin maganar da yarinyar za ta tarar idan ta shiga. A nawa ganin, Bahaushiya tsohuwar hannu ce a fagen fasaha, amma Hausar da muke yi a wannan fage tana ɗaukarta baƙuwa. Laifin kuwa ba na nahawu ba ne. Namu ne, mu malamai da mafassara da marubuta.

Fasaha kafin zuwan inji

Kalmar fasaha daga Larabci Hausa ta aro ta, inda take nufin iya magana da tsabtar lafazi. A bakin Bahaushe ta faɗaɗa ta zama gwaninta da kaifin basira a kowane irin aiki, shi ya sa ake cewa wane fasihi ne, wance fasihiya ce. Daga baya ne aka haɗa ta da kimiyya, aka ƙuntata ta, ta koma tana nufin aikin inji da na'ura. A wurin wannan ƙuntatawa abubuwa da yawa suka zube, mafi girmansu kuwa shi ne kaɗi.

Mai karatu ya tuna yadda ake mai da auduga zare. Sai an gurje ta da magurji a kan dutse an fitar da angurya, a yi shiɓa da baka har ta yi laushi, sa'an nan a ɗauki mazari, a shafa alli a yatsu, a murza. Mai kaɗi tana auna kaurin zaren da nauyin mazarin da saurin juyawarsa duk a lokaci guda, ta san wanda za ta yi siriri mai ƙarfi da wanda za ta bari ya zama abawa, don kowanne da aikinsa a wurin masaƙi. Wannan aiki ne na awo da ƙididdiga da daidaito, ko da yake ba a rubuta shi a allo ba. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Katsina da Kano a shekarar 1851, ya yi mamakin yawan tufafin da Kano ke fitarwa har zuwa ƙasashe masu nisa. Zaren waɗannan tufafi daga hannun mata ya fito. Amma tarihi ya riƙe masaƙa da marina da fatake, ya saki masu kaɗi. A fada akwai Sarkin Maƙera da Sarkin Magina da Sarkin Aska, kaɗi kuwa bai sami irin wannan kujera ba. Ko sunan sana'a bai samu ba a bakin jama'a, domin idan aka ce makaɗi, mai ganga ake nufi.

Da inji ya zo, sai ya bi sana'o'in mata ɗaya bayan ɗaya. Gurza ta koma gidan gurzar auduga irin na Funtuwa. Kaɗi ya koma masaƙu, tun daga wadda aka buɗe a Kaduna a shekarar 1957, ma'aikatansu kuwa akasari maza ne. Niƙa ya bar dutsen niƙa ya koma wurin mai inji a bakin kasuwa. Amma fa akwai injunan da ba su bi wannan hanya ba, kuma su ne abin lura: keken ɗinki, da injin taliya, da injin saƙa, da na markaɗe, da firjin ƙanƙara. Duk injin da kuɗinsa bai fi ƙarfin adashi ba, kuma yana iya shiga tsakar gida, mata sun karɓe shi, sun gwanance da shi, wasu har gyaransa suna yi. Saboda haka abin da ya raba mace da inji jari ne da wurin da aka girke shi, ba ƙwaƙwalwa ba.

Kada a ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A ƙasar Amurka, mata shida ne suka fara tsara wa babbar kwamfutar nan ENIAC aiki a shekarun 1945 da 1946, lokacin da ake ganin aikin kamar na akawu ne. A shekarar 1984 mata ne suka karɓi kashi 37 cikin 100 na digirin farko a ilimin kwamfuta a ƙasar, amma da aikin ya yi daraja ya yi kuɗi, sai rabonsu ya yi ta raguwa har ya sauka ƙasa da kashi 20. Akwai ma wata dangantaka da ya kamata malamin Hausa ya sani: dabarar ba inji umurni ta hanyar kati mai huda daga masaƙar Jacquard ta Faransa ta samo asali, ita Charles Babbage ya ara, a kan na'urarsa kuma Ada Lovelace ta yi bayaninta na shekarar 1843. Wanda ya fara ce wa intanet yanar gizo bai yi nisa da gaskiya ba.

Suna

Hausa tana da hanyarta ta gina sunan mai aiki, kuma hanyar ba ta manta da mace ba: masaƙi da masaƙiya, maɗinki da maɗinkiya, marubuci da marubuciya, ma'aikaci da ma'aikaciya. Sunayen ayyukan zamani kuwa yawancinsu aro ne daga Turanci, kuma sun shigo da wata siffa mai ban sha'awa. Direba, lauya, tela, kafinta, manaja, minista, injiniya, duk da wasalin a suka ƙare, alhali a Hausa akasarin sunayen da suka ƙare da wannan wasali jinsin mace ne. Injiniya ma har ta fi sauran, don ƙarshenta ya yi daidai da na masaƙiya da maɗinkiya. Duk da haka idan aka ce injiniya, namiji ne ke faɗowa a ran mai sauraro.

A irin waɗannan kalmomi, jinsi ba ya fitowa sai a wurin mahaɗi da wakilin suna:

(1) Injiniyan kamfanin ya gyara na'urar.
(2) Injiniyar kamfanin ta gyara na'urar.

Jimla ta (2) ba ta da aibi ko kaɗan a nahawu. Kunne ne kawai bai saba da ita ba. Shekarun baya haka likitar da ministar suke da nauyi a baki, yau kuwa ba mai ɗaga kai idan ya ji su a rediyo, domin an yi ta faɗinsu. Abin da zai sa a faɗi injiniyar ma akwai shi. An kafa ƙungiyar mata injiniyoyi ta Nijeriya tun 1982. Da aka ƙirƙiro Ma'aikatar Fasahar Sadarwa ta Tarayya a 2011, mace ce ta fara riƙe ta, Omobola Johnson. Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1958, ta sami shugaba mace ta farko, Margaret Oguntala, a 2024.

Inda Hausa ta bambanta da Turanci shi ne ba ta da wurin ɓuya. Bature yana iya cewa injiniya ya zo ba tare da an gane mace ce ko namiji ba. Bahaushe kuwa tilas ya ce ya zo ko ta zo. Saboda haka duk malamin da ya rubuta misali a allo, da duk mai shirya littafin firamare, yana yin zaɓi a kowace jimla, ko ya sani ko bai sani ba. Idan mai girki kullum ta ce, mai gyaran waya kullum ya ne, to an koyar da darasi na biyu a ƙarƙashin na farko. Wannan zaɓi yanzu ya wuce aji. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da na'urarsa ke fassarawa, irin waɗannan na'urori kuwa daga rubutun da mutane suka riga suka yi suke koyo. Idan suka tarar da jimlar Turanci wadda ba ta nuna jinsi ba, tilas su zaɓa, kuma abin da ya fi yawa a rubutunmu shi za su fi karkata gare shi. Abin da muka shuka a takarda shi na'ura za ta mayar wa jikokinmu.

Wani abin dariya shi ne kayan aikin kusan duk mata ne a nahawu: kwamfuta, na'ura, waya, manhaja, har kimiyya da fasaha kansu. Ban ce wannan yana da wata ma'ana mai zurfi ba, don jinsin nahawu dabam, tunanin mutane dabam. Na dai ambata ne don wanda zai ce harshen ne bai yarda ba.

Kira

A nan ne matsalar ta fi tsanani, kuma a nan ne gyara ya fi sauƙi. Turanci yana da wakilin suna guda ɗaya na wanda ake magana da shi, mace ko namiji, ɗaya ko jam'i. Hausa tana da uku: ka da ki da ku. Duk wanda aka ba aikin fassara abin da waya ko manhajar banki za ta gaya wa mai amfani da ita, sai ya tsaya a wannan mararraba. A mafi yawan abin da na duba, mafassaran sun bi ta hannun ka:

(3) Saka lambarka ta sirri.
(4) Kana so ka goge wannan saƙo?
(5) Kuɗin da ke asusunka bai isa ba.

Wata rana a Shema na ga gwaggona tana koyon tura kuɗi ta waya, jikarta na karanta mata abin da ya fito. Da aka zo kan irin jimla ta (4), sai ta ɗaga kai ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, wannan abar taku da wa take magana? Ko mai gidan take nema?" Aka yi dariya, amma tambayar tana nan. Gwaggo ba ta san nahawu ba, ta dai san cewa tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa ce mata kana. Bahaushiya ba ta jin kanta a cikin ka, kamar yadda Bahaushe zai ji an zage shi idan aka ce masa kina. Wasu na cewa ka a irin wannan wuri ta game kowa, kamar ta karin magana, inda ake cewa in ka ga kaza ka yi kaza. Wannan hujja tana da ɗan ƙarfi, amma karin magana da duniya yake magana, ba da mutum ɗaya ba. Waya kuwa a tafin hannun mutum ɗaya take, ta san sunansa, ta san abin da ke asusunsa.

Hanyoyin fita suna nan cikin harshen. Umurni kai tsaye ba ya nuna jinsi: shiga, danna, tura, goge. Akwai wakilin suna na boye, wanda Hausar ofis ta daɗe da sabawa da shi: a saka lambar sirri, a goge wannan saƙo? Akwai ku, wadda ma'aikatan rediyo ke kiran masu sauraro da ita shekara da shekaru, ga ta kuma da ladabi, don ita ake yi wa manya. Sau da yawa ma mallakar ba ta da amfani: kuɗin da ke asusun bai isa ba ya wadatar. Ni na fi son a haɗa umurni kai tsaye da ku, domin a ta boye idan ta yi yawa tana sa magana ta yi sanyi kamar takardar sammaci.

Akwai kuma hanyar da ta fi waɗannan duka. Yawancin manhajoji suna tambayar mutum jinsinsa ranar da ya yi rajista. Na'urar da ta san mai ita mace ce, ba abin da zai hana ta ce ki. Wannan ba mafarki ba ne: manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta ta daɗe da tanadin da mafassari zai rubuta saƙo iri biyu, na mace da na namiji, na'ura ta zaɓa gwargwadon abin da mai amfani ya nuna. Abin da ake bukata shi ne mafassarin ya san akwai tanadin, mai tsara manhajar kuma ya san Hausa na bukatarsa. Da a ce akwai Bahaushiya a teburin da ake wannan aiki, da wuya jimla ta (4) ta wuce ta gabanta ba ta tsayar da ita ba. Wannan ita ce hujja mafi sauƙi da na sani ta amfanin shigar mata aikin, kuma hujja ce ta ingancin kaya, ba ta tausayi ba.

Hausar tallafi

Mu koma ga Hausar sanarwa da jawabin taro. Duk wanda ke sauraron rediyo a Katsina ya san waɗannan kalamai: a tallafa wa mata, a ƙarfafa wa mata gwiwa, a koya wa mata sana'o'in dogaro da kai, a dama da mata. Niyyar masu faɗinsu mai kyau ce, ba na shakka. Amma a dubi ginin jimlolin. A kowacce, mai aikatawa wani ne da ba a ambata ba, mace kuwa tana bayan wa ko bayan da. Ana yi mata, ana yi da ita, ita ba ta yi. A dama da mata ta fi ba ni mamaki, don a gidan Bahaushe idan ana maganar damu, an san hannun da ke riƙe da ludayi.

Haka nan kalmar sana'a da kalmar aiki ba ɗaya suke ba a Hausar yau. Aiki yana da albashi da mataki da ƙarin girma da fansho. Sana'a, musamman idan aka jingina ta ga mace, 'yar abin hannu ce ta rufin asiri. Idan ana zancen samari da kwamfuta sai a ce za su sami aiki a kamfani. Idan an juyo kan 'yan mata sai a ce za su dogara da kansu, watau su riƙa tallan turare da atamfa a WhatsApp. Ba na raina wannan ciniki, yana ciyar da gidaje. Amma mai amfani da manhaja dabam, mai ƙera ta dabam, kuma Hausar sanarwa ta riga ta raba wa kowa nasa tun kafin a shiga aji. Da wuya a ji shugabar sashe ko babbar injiniya a irin waɗannan jawabai. A maimakon haka sai a kawo sunan Nana Asma'u, a yi tafi, a tashi. Nana Asma'u malama ce, darajarta ba ta bukatar shaidata, amma ambatonta ya zama hanyar da mai jawabi ke bi ya kauce wa maganar albashi.

Masu cewa fasahar zamani ta dace da matan aure domin ana iya yinta daga ɗaki suna da gaskiya, kuma tarihin ƙasar nan yana bayansu. Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa, kudu kaɗan da birnin Katsina, a shekarar 1967, ta kuma bayyana a littafinta Rural Hausa na 1972 yadda matan kulle ke ciniki daga gida zuwa gida ta hannun yara, har cinikin ya zama kasuwa sosai wadda ba ta da rumfa. Waya ta maye gurbin yarinya mai talla, wannan kuwa alheri ne, don yarinyar ta sami zuwa makaranta. Sai dai kasuwar da Hill ta gani ɓoyayyiya ce, kuma ɓoyuwar ce ta sa ba a lissafa ta, kamar yadda ba a lissafa masu kaɗi ba. Matar da ke yi wa kamfani aiki daga ɗaki, ba a ganinta ranar rabon muƙami. Sa'an nan aikin duk a kan layin sadarwa ya rataya. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka yi watanni a haka. Namiji yana hawa babur ya nemi inda sabis yake. Matar da ke cikin gida sai dai ta jira.

Kalma ta ƙarshe a wannan sashe ita ce wayar da kai. Kullum ana cewa a wayar wa iyaye da kai su bar 'ya'yansu mata su yi karatu su yi aiki. Kalmar da kanta ta yanke hukunci cewa kan uban a duhu yake. Amma a watan Oktoba na 2023 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a cikin gari. Uban da ke Kurfi wanda ya ji wannan labari ya yi jinkirin sakin 'yarsa, lissafi yake yi. Abin da zai amsa masa shi ne masauki mai tsaro. Haka mijin da ke tambayar ina jariri zai kwana idan aiki ya kai dare. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 54, ta ba mace hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aikin, da rabin sa'a sau biyu a yini don shayarwa. Wannan shi ne abin da ya kamata a fassara da Hausa mai kyau a karanta a rediyo, don yarinyar da za ta sa hannu a takardar ɗaukar aiki ta san abin da za ta tambaya.

Ƙagaggun labarai

Adabi shi ne wurin da al'umma ke gwada rigar da ba ta riga ta ɗinka ba, saboda haka ya dace a tambaye shi. Labarin kimiyya na farko da ɗaliban Hausa suka fi sani shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, wanda ya tafi sararin sama kuwa yaro ne, Kilba. Ba a zargin marubucin da wannan, zamaninsa ke nan. Mata sun shigo fagen da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, kuma tun daga nan maganar ilimin mace da abin hannunta ba ta bar littattafansu ba. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, Abu da aka cire daga makaranta aka aurar ta koma karatu ta zama ma'aikaciyar jinya. A Alhaki Kuykuyo Ne, Rabi da miji ya kora ta riƙe 'ya'yanta da sayar da abinci. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, 'yar wannan jiha, ta cika littattafanta da mata masu zurfin karatu da manyan ayyuka. Waɗannan marubuta sun yi aikin da sanarwar gwamnati ba ta yi ba: sun sa mace ta zama mai aikatawa a jimla.

Amma ayyukan da suka ba taurarinsu suna da iyaka, kuma magadansu ba su faɗaɗa ta sosai ba. Jinya, likitanci, koyarwa, shari'a, kasuwanci. Akasari ayyuka ne na kula da mutane, waɗanda al'umma ta riga ta yarda mace ta yi, musamman idan mata 'yan'uwanta za ta duba. A labaran da ake rubutawa yanzu a waya, waɗanda na karanta da dama, injiniya yana nan, mai kamfanin kwamfuta ma yana nan, sai dai shi ne saurayin. Yana dawowa daga Ingila ko Malesiya da digiri, yana buɗe kwamfutarsa a falo, ita kuwa tana kawo masa shayi. Ko inda aka ce tauraruwar ta karanta ilimin kwamfuta, digirin ado ne kamar sarƙar wuya, ba a ganinta tana aikin. Marubuciyar da za ta cika shafi uku da bayanin lefe ba ta ba aikin tauraruwarta layi uku.

Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne su marubutan nan ma'aikatan fasaha ne da kansu. Mace tana zaune a ɗakinta a Dutsin-Ma ko Funtuwa, ta buga littafi mai babi sittin da babban yatsa a kan waya, ta yanka shi kashi-kashi, ta saki na farko kyauta a Wattpad ko Facebook don jawo masu karatu, ta buɗe zauren WhatsApp na masu biya, ta karɓi kuɗi ta asusun banki, ta tantance wanda ya biya da wanda ya turo shaidar ƙarya, ta yi faɗa da masu kwafe mata littafi suna rabawa. Da dandalin OkadaBooks ya rufe a ƙarshen 2023, irin waɗannan marubuta ba su daina ba, sun nemi wasu hanyoyi. Ita ce marubuciya, ita ce maɗaba'a, ita ce dillaliya, ita ce akawu. Abin da kamfanin NNPC na Zariya ke yi da ma'aikata da injuna lokacin da ya buga So Aljannar Duniya, ita tana yinsa da waya ɗaya da cajin da ta biya a shago. Ga kishiya a cikin sana'ar, ga ɓarawo, ga ranar da sabis ya ɗauke ana tsakiyar ciniki, ga miji da ke tambayar da wa ake hira har ƙarfe ɗayan dare. Kayan labari ne cikakke, kuma ta fi kowa saninsa. Amma idan aka tambaye ta aikin da take yi, sai ta ce tana ɗan taɓa rubutu, ta koma ta aurar da tauraruwarta ga injiniya.